Wayar Haske a Ɗakin Baba Mamman

Shekaranjiya wani saurayi ya tsaya a bakin rumfata a nan Agege, kunnuwansa toshe da abin jin waƙa, ya ce in ba shi wayar haɗa kwamfuta da sifiku. Na ce wacce iri? Ya ce, "Oga, waya ai waya ce. Ba ni kowacce, sauri nake." Na tambaye shi me ke bayan kwamfutar tasa, rami mai kusurwa ne ko zagayayye mai ruwan lemo. Bai sani ba. Nisan da ke tsakanin kwamfutar da amfilifaya fa? Bai auna ba. Wutar ɗakinsu da ta injin famfon gidan layi ɗaya suke? Sai ya yi dariya ya ce shi waya ya zo saya, ba aure ya zo nema ba. Ya wuce rumfar gaba ya saya. Jiya ya dawo da ita a leda, wai ba ta shiga.

Ku samarin yanzu haka kuke ganin sana'ar nan. Kun taso kun tarar ana danna waya sauti ya fito daga akwati ba tare da igiya ba, kuna zaton mu da muke yawo da jaka muna rarrafe a bayan tebura mun rasa abin yi ne. Sunana Haladu, a layin nan Haladu Sauti ake ce mini, kuma gashin kaina a cikin ƙurar bayan kabad ɗin mutane ya yi fari. Ku ja benci ku zauna, ni a tsaye zan yi maganata.

Ci-rani ya kawo ni Legas daga Malumfashi. Ruwa nake turawa a kura, jarka-jarka, ina bi gida-gida. A bakin titin jirgi akwai rumfar wani Bayarabe mai gyaran rediyo, Oga Raufu, kullum in na zo wucewa sai in jingine kura in tsaya ina saurare. Wata rana yana gwada wata sifika, na ce masa da guntun turancina ai wannan takardarta ta yage. Ya juya ta, ya ga tsaga kamar ta farce a gefenta. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce da Hausarsa ta 'yan kasuwar shanu, "Aboki, kunnenka ya fi kafaɗarka amfani. Gobe ka zo babu kura."

Na zo ina zumuɗin za a ba ni ƙarfen narka dalma. Sai ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur ya zazzage. Wayoyi ne a cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana. Ya ce in warware su, in naɗe kowacce ita kaɗai. Na warware na naɗe. Ya ɗauki ɗaya ya duba, ya watsar da su duka ya ce in sake. Damina ta wuce, rani ya shigo, ina nan ina naɗin waya. Ba a gwiwar hannu ake naɗewa ba kamar igiyar shanya, a tafin hannu ake yi, kana bin inda wayar take so ta kwanta. In na matse wata sai ya buge mini hannu da bayan sukudireba ya ce, "Rora, a hankali! Waya tana da ƙashin baya." A lokacin haushi nake ji. Bayan shekaru, da sababbin wayoyi suka shigo, hannuna ya riga ya san abin da hannun wasu bai sani ba.

Abin da ke cikin jakar nan tawa bai canza sosai ba tun zamanin Oga Raufu, Allah ya ji ƙansa. Mita, tasta, filaya, sukudireba manya da ƙanana, ƙarfen dalma, salatif baƙi, ƙaramin madubi na leƙa bayan kaya inda kai ba ya shiga. Abu ɗaya na ƙara da kaina, guntun farar takarda mai kauri. Za ku ji amfaninta.

Wayoyin da saurayin nan ya raina guda biyu ne, aikinsu kuma ɗaya. Su ɗauko sauti a dunƙule daga kwamfuta su kai wa amfilifaya, ita kuma ta rarraba wa sifiku shida: uku a gaba, biyu a baya, sai ƙatuwar nan ta ƙasa mai gurnani. Ta farko ita ce kowaksiyal, mu wayar tagulla muke ce mata. Kanta zagayayye ne, tana kama rami tsam, ka taka ta, ka ja ta, ka ɗora mata ƙafar kujera, ta jure. Tana kuma zuwa nesa. Ta biyu oftikal, wayar haske. Babu ƙarfe a cikinta ko kaɗan, zaren roba ne kamar na fatsa. In ka jona kai ɗaya ka duba ɗayan, za ka ga jan haske kamar wutar sigari. Duk wanda ya ce muku ɗaya ta fi ɗaya daɗin sauti, ciniki yake nema. Saƙo ɗaya suke ɗauka. Bambancin yana wurin ɗakin da za su zauna da mutanen da ke cikinsa.

Wani dillalin tumatir na Mile 12 ya taɓa sa ni na bi cunkoso tun daga Agege, wai an sayar masa da matacciyar waya. Na je na tarar yana ta tura kan wayar haske cikin rami da ƙarfin tsiya, bai cire 'yar hular robar da ke bakinta ba. Wani kuma kafinta ya kira, ya bi da ita jikin ƙofa da ƙusoshi, kowace kusurwa an karya ta kamar ana ninke tabarma. Daga waje lafiya lau, a ciki zaren ya tsage. Ta tagulla ita ma tana da nata halin, amma ban san iyakarsa ba sai a shekarar kulle.

Shekarar nan ba na son tuna ta. Da cutar nan ta zo aka ce kowa ya zauna a gida, gidajen kallon ƙwallo suka rufe, gidajen biki suka rufe, wuraren wasan kwamfuta na yara suka rufe. Su ne masu kirana. Sai in fito da safe in buɗe rumfa rabi, in share tebur, in sake sharewa, in zaga layi in dawo. Na kwance tsohuwar amfilifaya da lafiyarta ƙalau na sake ɗaurewa don kawai hannuna ya sami abin yi. Abokan sana'a wasu suka koma sayar da takunkumi, wasu suka ɓuya a motar shanu suka gudu arewa. Na sayar da janaretana. Har na fara taya kura a wurin wani ɗan garinmu.

Ana cikin haka, bayan an ɗan sassauta, wata mata ta tsaya nesa da rumfata da takunkumi a fuska. Ta ce sunanta Binta, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a tsallaken gari.

"Malam Haladu, an ce kai ne ka san sifikun nan masu zagaye mutum."

Na ce ni ne.

"Na saya wa babana, da kwamfuta tokumbo, ta hannu. Sifikun suna nan a kwali. Ni a asibiti nake kwana yanzu, ba na son in kwaso masa wani abu. Shi kaɗai ne a ɗaki, kuma ba ya gani."

Na ce to wanda ba ya gani me zai yi da kwamfuta? Rediyo ai ta ishe shi.

"A da Baba shi ne mai haska fim a tsohon gidan siliman nan da ya koma sito. Ciwon suga ne ya ɗauke masa ido. Kafin kullen nan na kai shi sabon gidan silima a Ikeja, ya ji sauti yana zagaya shi, tun daga ranar ba shi da wata magana. Yanzu ya fara fita shi kaɗai. Makon jiya a bakin titin jirgi aka tsinto shi. In bai sami abin da zai zaunar da shi ba, ko dai in bar aiki, ko in mayar da shi Zariya wurin dangin da rabonsa da su tun ba a haife ni ba."

Gidan haya ne irin mai ɗakuna suna kallon juna, doguwar baranda a tsakiya. Na yi sallama a ƙofar ƙarshe. Wani dogon tsoho ya amsa, bai tsaya ba. Tafiya yake daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, hannunsa na dama a jikin bango. Inda hannun yake bi fenti ya yi duhu, layi guda ya zagaye ɗakin.

"Kai ne mai wayar?"

"Ni ne, Baba."

"Ajiye jakarka a kan gado. In ka bar mini ita a ƙasa zan yi ƙwallo da ita."

Baba Mamman ke nan. Na duba ɗakin. Kwamfuta tana gefen gado a kan ƙaramin tebur, Binta ta manna masa ƙwayoyin wake da gam a kan maɓallan da zai riƙa dannawa, ta kuma haɗa ta da ƙaramar imbata don kada ta mutu in an ɗauke wuta. Soket ɗaya ne a ɗakin, can a ɗaya bangon, nan amfilifaya za ta zauna a kan wata 'yar kantar katako. Na leƙa bayan kwamfutar da madubi, ramukan biyu duk akwai. Zaɓi ya rage nawa. Na dubi ƙafafun tsohon nan da ba sa tsayawa, na ce ta tagulla. Na bi da ita ƙarƙashin ledar ɗaki, na rataye sifiku, na kunna.

Sauti ya fito tas. Baba ya tsaya cak a tsakiyar ɗaki. Sai mai gidan ya kunna injin famfo a tsakar gida.

Wani kuka ya taso daga ƙatuwar sifikar, ƙasa-ƙasa, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Can mai walda na maƙwabta ya ɗana ƙarfensa, sautin ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa. Baba ya ci gaba da tafiyarsa.

"Na san kukan nan," ya ce. "Injinmu yana yin sa in wayar ƙasa ta kwance. Gidan nan ba shi da wayar ƙasa, ko?"

Na ɗora tasta a jikin ƙarfen kwamfutar, ta kawo wuta. Na ce ba shi da ita, Baba.

Ga abin da nake so ku gane. Kwamfuta tana shan wuta daga imbata, amfilifaya tana sha daga bango tare da famfo da firjin maƙwabta. Wayar tagulla ƙarfe ce, ta zama gada a tsakaninsu, duk dattin wutar gidan ya bi ta kanta ya shiga sifiku. Na gwada ɗora amfilifayar a kan imbata, imbatar ta yi ƙara ta mutu, ta yi ƙanƙanta. Na canza wata wayar tagullar mai kauri, kukan yana nan. Na yi zufa har rigata ta manne. Magani ɗaya ne, a yanke gadar. Haske ba ya ɗaukar dattin wuta. Amma wayar hasken da ke jakata gajeriya ce, ko rabin ɗakin ba ta kai ba. Doguwa sai kasuwar Alaba da ke Ojo.

Wanda bai je Ojo daga Agege a shekarar nan ba bai san wahala ba. Kasuwa ana buɗe ta wasu ranaku a rufe wasu. Danfo, motar haya, an hana shi cika mutane, don haka kowace tasha layi ne har ya lanƙwasa. Na sauka a Oshodi, na sauka a Mile 2, na ƙarasa da ƙafa da okada. Na je shagon Emeka, wanda nake sayen kaya a wurinsa tun yana yaron shago. Ya zubo mini dogaye kala-kala. Na ce ya jona mini kowacce a jikin na'ura. Na fito da farar takardata ina haska bakin wayar a kai. Wayar haske in ta yi tsawo hasken yana gajiya a hanya, mai arha kafin ya iso ya dusashe. Na yi ta ajiyewa gefe.

"Malam, you wan marry am?" in ji Emeka, wai ko aurenta zan yi.

Na ce ya kawo ta cikin kwalin can da yake ɓoyewa. Ita ce ta buga jan ɗigo sosai a takarda.

Na dawo na bi da ita gindin bango, na kama ta da 'yan maƙalai a hankali, ko'ina lanƙwasa mai faɗi. Na kunna, na fita da kaina na roƙi mai gida ya tayar da famfo. Na dawo ɗaki. Shiru, babu kuka. Na ce, "Baba, wannan ba a taɓa ta. Ba ta son hannu." Ya ce to.

Washegari da hantsi ina rumfa, sai ga mai shayin bakin titi riƙe da hannun Baba Mamman. Wandonsa ya yage a gwiwa, jini ya bushe a ƙaurinsa. Keke ne ya goge shi yana neman hanyar rumfata da tambaya. A ɗaya hannun yana riƙe da wayata, a naɗe a yatsunsa tamau.

"Ta daina magana," ya ce.

"Baba, me ya kai hannunka?"

"Ka ce haske ne a ciki. Ni shekaruna duk a kan haske na ƙarar da su. Ka kawo mini haske cikin ɗakina ka ce kada in taɓa? Na so in ji me ke ciki ne."

Na warware ta. Ta karye a wurare da yawa. Na wanke masa ciwon da ruwan zafin mai shayi, na raka shi gida. Kafin mu isa labari ya kai wa Binta. Ta kira wayata, na sa a fili don ya ji.

"Malam Haladu, ka mayar da ta farko mai ƙarfin. Kuka ya fi shiru."

Baba ya ce, "Ke Binta, kunnen nan shi kaɗai ya rage mini. Shi za ki cika mini da ƙudan zuma?"

"Baba, yau keke ne. Gobe jirgi ne. Na yi magana da Kawu Sale na Zariya. Ana cewa an kusa buɗe hanyar arewa, ranar da aka buɗe zan saka ka a mota."

"In je in yi me a Zariya? In zauna a zaure ana gaya wa yara ga makahon Ikko?"

"In kana da rai ai da sauƙi."

Ta kashe wayar. Baba ya miƙe ya kama bango ya fara zagayensa, yana ɗingishi. Ni ma na kasa zama, na fita baranda na dawo, na sake fita. Ga waya mai jure hannu tana kawo kuka. Ga mai tsabtar sauti ba ta jure hannu. Duk shagunan duniya babu waya ta uku da za ta shiga bayan kwamfutar nan.

Na ce, "Baba, in na sake kawo ta za ka bar ta?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. In hannuna ya same ta sai na taɓa."

"To zauna."

Na ɗauko karyayyiyar, na yanke ta da filaya, na feɗe baƙar rigar, na zaro zaren na sa masa a tafin hannu. Ya murza shi da yatsa. Ya kai shi leɓensa. Ya lanƙwasa har ya ji ya ƙas.

"Shi ke nan? Wannan ɗan abin?"

"Shi ke nan."

Sai na jona gajeriyar nan tawa a bayan kwamfuta, na kama yatsansa na ɗora a bakin, jan hasken ya huda fatar har ana ganinsa ta farce. Na ce yanzu hasken yana kan yatsanka. Ya ƙara danna yatsan a kai.

"Babu zafi," ya ce. "Namu in ka buɗe murfin injin sai ya gasa maka fuska. Duba nan." Ya nuna mini tsofaffin tabo a bayan hannunsa. "To na ji. Je ka kawo wata. Amma kada ka bi ƙasa. Ka ga inda hannuna yake bi a bango? Ka bi sama da nan, inda ko na yi miƙa ba zan kai ba. Ka kuma sa ta a bututu. Mu haka muke yi wa wayar da ke zuwa bayan allo, saboda ɓeraye."

Na sake komawa Alaba ranar da kasuwa ta buɗe. Emeka da ya hango ni ya fara dariya tun daga nesa. Na sayi irin waccan, na biya ta wurin masu kayan wuta na ɗauki siririn bututun roba. A danfo kwandasta ya ce sai dai in riƙe bututun ta taga, haka na zo da shi hannu a waje har Oshodi.

Aikin ya ci yini. Bututu ba a karya shi a kusurwa, in ka sa masa gwiwar da ake sayarwa wayar za ta tanƙware a ciki. Na kunna rishon Binta, na riƙa gasa bututun sama-sama ina lanƙwasa shi a jikin bakin bokiti har ya ɗauki zagayen. Na zura igiya, na ja wayar a hankali da hularta a baki don kada ƙura ta shiga. Na ari tsani wurin mai gida. Baba ne ya riƙe mini shi, yana ba ni umarni.

"Ƙusar nan ba ta shiga daidai ba. Na ji ƙararta."

Na cire na sake bugawa. Gaskiyarsa ne, ta sami rami a bulo.

Na bi da bututun ta saman taga, ta saman ƙofa, na sauko da shi daidai bayan kanta. Kan wayar haske fuska ɗaya yake shiga, in ya zauna za ka ji ɗan ƙas. Na ji shi. Na kunna fim.

"Biyu ne kawai suke magana," in ji Baba. "Na baya sun yi barci."

Nan ma wani wurin ne da samari suke zagin waya a banza. Waya abin da aka ba ta take kaiwa. In kwamfuta ta matse sautin ta mayar da shi na sifika biyu, biyu za a ji. Sai ka shiga cikinta ka ce ta miƙa shi yadda yake, amfilifaya ta rarraba da kanta. In kuma fim ɗin tun asali na sifika biyu ne, ko wayar zinariya ka sa ba za ta haifi shida ba. Na gyara saitin, na duba cikin finafinan da Binta ta zuba, na zaɓo wanda aka yi shi da shida. Na ja kujera tsakiyar ɗaki na ce ya zauna a nan.

An fara da wani mutum yana tafiya a daji. Can hadari ya taso. Tsawa ta faɗo daga gaba ta mirgina ta wuce ta kanmu, ruwa ya sauko ta baya. A daidai nan mai gida ya tayar da famfonsa, mai walda yana ta ɗana ƙarfe, sifiku ko gezau. Baba ya ɗaga kafaɗa kamar wanda ɗigo ya faɗa wa a wuya.

"Ka ji 'yan banza," ya ce a hankali. "Sun zuba ruwan a bayana."

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, Binta ce. Ya laluba ya ɗauka ya ce, "Ina aiki, ki kira an jima," ya kashe. Na tattara kayana na fita, bai san na fita ba.

An buɗe hanyar arewa, motoci suka yi ta tafiya, Baba Mamman yana Agege. Binta ta zo rumfata bayan an kwana biyu, ta ce maƙwabta sun ce ba ya fita sai masallaci, shi ma da rakiya. Ita ce ta haɗa ni da wasu likitoci masu irin kayan nan a gidajensu, daga nan aiki ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Ban sayi kurar ba.

Wata ranar Laraba da azahar ya kira ni, wai sifikar baya ta hagu ta mutu. Ina da aiki a Ajegunle, amma na ce bari in fara biyawa. Na tarar da shi a kujerarsa, fim a tsaye. Na leƙa bayan amfilifaya da madubi. Wayar sifikar ce a waje. Ba faɗuwa ta yi ba, an danna maƙalin an zare ta, an ma murɗe bakin tagullar tsaf don kada ya tarwatse, aikin wanda ya san hannunsa. Na mayar da ita.

"Ta tashi, Baba."

"Madalla. To tunda ka zo." Ya laluba ya danna ƙwayar wake, fim ya ci gaba. "Akwai wani a nan da yake shigowa ɗakin matar nan. Ina jin ƙofa, ina jin takalminsa ta hagu, ya tsaya, ya fita. Ba ya cewa uffan. Na maimaita wurin har na gaji. Wane ne?"

Allon kwamfutar a kashe yake, ya yi ƙura. Na goge shi da hannun riga na kunna. Na ce ɗanta ne, wanda aka ce ya mutu a farkon fim.

"Kai! Yana da rai? To me yake yi a tsaye?"

"Kallonta kawai yake yi, Baba. Tana barci."

"Fuskarsa fa?"

Na dubi agogo, na dubi jakata. Na ajiye ta a kan gado, na jawo bokiti na kife kusa da kujerarsa.

"Mayar da shi baya kaɗan," na ce, "in gani da kyau."